Ramin da Bai Wuce Gwiwa Ba

Kakana Albano, mutumin Vilar da Fraga,
can arewacin Fotugal inda dutse ya fi ƙasa yawa,
bai taɓa haƙa ramin da ya wuce gwiwarsa ba.
Ko hanyar ruwa ce zuwa kunyar dankali,
da shebur ya fara nutso sai ya dafa ƙugu ya fito,
ya ce da ɗansa, "Ƙarasa. Tunkiyar can ta kusa haihuwa."

Yana da ashirin da ɗaya aka kira sunansa a ƙofar coci.
Bai san Faransa ba, bai san wa ya taka wa ba.
Ya bar alkama ta fara kunno kai,
ya bar Deolinda da zoben tagulla da alkawarin bayan girbi.
Jirgin ruwa ya kwashe su kamar buhunan gawayi,
shi da Zeferino ɗan mai niƙa,
wanda dariyarsa kan riga shi isowa.

Abin da ya gani can, ba daga bakinsa muka ji ba.
Kalarsa muka yi, ƙwaya-ƙwaya, kamar bayan sussuka:
a tarin da ke shaƙe shi da sanyin asuba,
a yadda yakan cire takalmi ya daɗe yana duban yatsu
kamar makiyayin da ke zargin ɗaya ta ɓata,
a daren bikin gari, in an fara wasan wuta,
ya ja jakinsa su ɓuya bayan tudu,
sai gari ya yi tsit suke dawowa.

Lambar yabon? Tana ƙarƙashin tebur,
ta tokare ƙafar da ta gaza 'yan'uwanta uku.
"Ta sami aiki," in ji shi. "Miya ta daina zubewa."

Zeferino bai dawo ba.
Kakana ya dasa zaitun guda a bakin iyaka,
ya yi masa ban-ruwa da tulu shekara tara
kafin ya ga ɗigon mai.
Kwalbar farko ya kai wa tsohuwa Perpetua.
Ta ce, "Ya sha wuya?"
Ya ce, "Barci yake, bai ma farka ba."
Ta dube shi har kunnuwansa suka yi ja,
ta ce, "Ba ka iya ƙarya ba. Zauna ka ci burodi."
Duk shekara haka: kwalba ɗaya, tambaya ɗaya,
ƙarya ɗaya da ba ta tsufa,
har ranar da ya tarar da ƙofar a kulle, kaza na kiwo a tsakar gida,
ya ajiye kwalbar a bakin ƙofa duk da haka.

'Ya'ya bakwai. Biyu sun koma tun ba su yi haƙori ba,
shi ya riƙe fitila, wasu suka yi haƙan.
Kyarkeci ya ci masa tumaki huɗu a dare guda,
fari ya ƙone inabin shekara biyu a jere,
bai ɗaga murya ba, sai dai ya ƙara sammako.
Amma ran da autansa Horacio ya ɗaura akwati
zai tafi Faransa aikin gini, haƙan tushen benaye,
sai ya riƙe masa hannun riga kamar ƙaramin yaro.
"Ƙasar can laushi gare ta," ya ce.
"Kada ka yarda da ita. Haɗiya take, ba ta taunawa."

Ya rasu cikin hunturu, dusar ƙanƙara ta rufe hanyar kwari,
tamanin da uku, da ƙasa a ƙarƙashin farce.
Masu haƙan kabari sun kai daidai gwiwa
sai shebur ya yi ƙara, ya ci karo da fa.
Deolinda, da ta kwana biyu ba ta ce uffan ba,
ta toshe baki da mayafi, kafaɗunta na rawa:
"Shi ne. Har yanzu gardama yake."
Sai da aka aika gida aka ɗauko diga.

Bara na je. Rufin ya rufta ta gefen murhu.
Zaitun ɗin ya fi gidan tsawo, ba mai tsinka.
Na jingina da teburin da dukkan nauyina,
bai motsa ba.
Ban duƙa na duba ba.